Yadda Jiragen Japan Suka Watsa Ɗaurin Aure a Runka

Ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren Malam Sani ba, kuma ko na so in manta mutanen Runka ba za su bar ni ba. Har yau idan na ratsa kasuwarsu sai na ji wani daga cikin rumfa ya ce, "Ga Japan nan," a hankali, daidai yadda zai shiga kunnena.

Ni malamin makaranta ne, ɗan Batsari, ina koyar da tarihi a wata sakandare a Safana. Ban taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da na taɓa tsayawa a bakinsa shi ne dam ɗin Zobe, nan ma da aka yi mani tayin shiga kwale-kwale cewa na yi ina da mura. Amma a cikin wayata na daɗe ina riƙe da muƙamin babban kwamandan sojan ruwan Japan.

Wani wasa ne na waya da ake bugawa bi da bi, kamar dara. An ɗauko yaƙin duniya na biyu, ɓangaren da aka gwabza a teku tsakanin Japan da Amurka, aka shimfiɗa taswira, kowa da jiragen ruwansa da tsibiransa da man da zai zuba masu. Ka yi naka motsin ka aika, ka jira abokin karawa ya yi nasa, wani lokacin sai washegari. Mu uku muke bugawa, duk abokan karatu tun kwaleji. Nura, wanda ke aiki a Kano, shi ke riƙe da Amurka shi kaɗai. Ni da Kabiru, ɗan unguwarmu da ke zaune a Kaduna, muka raba Japan: ni jiragen ruwa, shi sojan ƙasa da jiragen sama.

Duk wanda ya san tarihi ya san Japan aka ci, wasan ma haka aka gina shi. Za ka fara da ƙarfi, amma manka kaɗan ne, kuma jirgin da aka nutsar maka ya tafi ke nan. Amurka kuwa ka nutsar mata da ɗaya ta ƙera uku. Abin da ya ja ni ke nan. Ina da ciwon nan na malaman tarihi, na ganin da ni ne a wurin da ba a tafka kuskuren da aka tafka ba. Nura ya lallasa mu har na daina faɗa wa matata sakamako, amma kullum ina ganin saura ƙiris.

Sunayen tsibiran ne suka fara ba mu wahala. Kabiru ya yi ta fama da Gwadalkanal har harshensa ya gaji, ranar nan ya ce shi dai daga yau Ruma ne sunanta, tunda ita ma daji ne ya kewaye ta kuma kullum a kanta ake faɗa. Daga nan muka bi taswirar muna raɗa wa kowane tsibiri sunan wani gari na yankinmu. Wannan Runka, wancan Babban Duhu, babban sansaninmu kuma Batsari, har babban jirgina na sa wa Safana. Ƙananan jiragen yaƙi masu gudu muka sa masu babura. Jiragen dakon kaya, masu nauyin jiki da tafiya a garke, muka ce shanu. (Na sani. Abin da kake hangowa ni ma yanzu ina hango shi. A lokacin dariya muka ɗauke shi, irin dariyar da mutanenmu ke yi da abin da ya fi ƙarfinsu.)

Malam Sani malamin lissafi ne, teburinmu ɗaya a ɗakin malamai. Mutum ne mai haƙuri, kuma aurensa ya gwada haƙurin. An taɓa sa rana aka ɗaga saboda ɓarayin daji sun shiga wani ƙauye kusa da Runka, garin amaryar. Da abubuwa suka ɗan lafa aka sake sa wata, lokacin an yanke gero, dawa na tsaye. Aka ce da hantsi za a ɗaura, don kowa ya ci abinci ya kama hanya tun kafin la'asar, tunda ba mai son rana ta karkata yana kan hanyar nan. Dangin uwar amarya suka taso tun daga Babban Duhu a bayan a-kori-kura. Mu ma muka zo daga Safana, malamai da shugaban makarantarmu, dattijo mai tabarau da ba ya son hayaniya. Sani ya ɗora mani tarbar baƙin makaranta, ya ce ni ne na iya magana.

A daidai wannan makon kuma Nura ya yi kuskuren da na daɗe ina jira. Ya kwashe manyan jiragensa ya yi kudu da su, ya bar tsibirin da muke kira Runka da ɗan tsaro kaɗan da tarin jiragen kaya a bakin gaɓa. Dole mu aika motsinmu kafin safiyar gobe, kuma ban yi shawara da Kabiru ba. Ina zaune kan tabarma a ƙofar gidan su amarya, ana gaisawa ana jiran liman, amma rabin hankalina yana tsakiyar teku.

Na duba waya babu sabis. Na tambayi wani mutumin garin, ya ce in zagaya bayan gida, gindin bishiyar bedi, nan kaɗai yake kamawa. Na zagaya. Bedin na jikin wata dangar kara, ina jin ƙamshin miya da ƙarar muciya ta ciki, amma ban kawo komai a raina ba. Abin da ya dame ni kawai kada wani malami ya biyo ni ya gane wasa nake yi, ni da ke hana ɗalibai taɓa waya. Don haka na juya baya, na kare bakina da hannu, na yi ƙasa da murya, na danna saƙon murya. Ga abin da na ce, kuma na haddace shi don daga baya an sa ni na saurare shi fiye da yadda nake so:

"Kabiru, saurare ni da kyau. Na duba Runka da idona, babu tsaron kirki, masu gadin ba su taka kara sun karya ba. Gobe da asuba za mu afka masu. Ni zan shigo da babura ta yamma, kai ka tsare hanyar Babban Duhu kada wani ya kawo masu ɗauki. Shanun kada a taɓa su, korowa za mu yi. Wannan karon ba wanda zai tsira."

Na tura, na gyara hula, na koma kan tabarma ina jin kaina kamar wanda ya gama wani babban aiki. Har dabino na ɗauka.

Ba a jima ba na ga mata suna fitowa ta ƙofar gida, goye da yara, wasu ko mayafi babu. Ba mai ihu. Mutanen wajen sun koyi gudu ba tare da surutu ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Sai maza suka fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya, ana neman takalma, babura na tashi. Direban a-kori-kurar Babban Duhu ya tada mota, mutanensa na hawa tana tafiya. Na kama hannun wani na tambaye shi lafiya. Ya ce an ji wani infoma yana yi wa ɓarayi waya, suna nan tafe, yanzun nan ma wai sun kusa.

Ni ma na laluba takalmana. Kuma a nan ne na ƙara wa kaina abin da har gobe ake tuna mani. Na ɗaga murya na tsine wa infoman. Na ce ai matsalarmu ke nan, suna cikinmu, muna cin tuwo kwano ɗaya da su. Na ce duk wanda aka kama kada a ɓata lokaci wajen kai shi ko'ina. Wasu suka gyaɗa kai. Ina faɗa ina waige-waigen wanda zai goya ni a babur, don ni ma ban yi niyyar tsayawa in ga ƙarshen abin ba.

Ban samu babur ba sai ga ’yan sa-kai sun iso da bindigoginsu na gargajiya, sun sako wata mata cikin masu girkin a gaba. Ta ce ita da gwaggon amarya suka ji, suna tuƙa tuwo a jikin danga. Ta leƙa ta tsakanin kara, ba ta ga fuskarsa sosai ba, amma baƙo ne mai tabarau. Babban ’yan sa-kan ya bi sauran mutanen da ido, ya nufi shugaban makarantarmu kai tsaye ya riƙe mashi wuyan riga. Dattijon ko motsi bai yi ba, sai salati yake yi a hankali.

Aka ce matar ta maimaita abin da ta ji. Ta ce ya ce zai shigo da babura ta yamma. Ya ce a tsare hanyar Babban Duhu. Ya ce kada a taɓa shanu, korowa za a yi.

Ban san yadda zan kwatanta maka abin da na ji ba. Na taɓa fuskata na ji tabarau. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Na tsaya ina kallon hannun da ke wuyan rigar mutumin da ya girmi babana, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, ban fito nan take ba. Sannan na ɗaga hannu kamar ɗalibi mai neman izinin fita, na ce, "Ku sake shi. Ni ne."

Abin da ya biyo baya da sauri ya faru. Na ji an fizge wayata, na ji hulata ta faɗi, na ga samari da sanduna suna matsowa, cikinsu har da waɗanda suka gyaɗa kai lokacin da nake cewa kada a ɓata lokaci. Malam Sani ne ya shiga tsakani da babbar rigarsa ta angonci, ya buɗe hannuwa, ya ce wanda zai taɓa ni ya fara da shi. Ya ce bai san abin da na yi ba, amma ya san ni, a kai ni gaban mai gari. Ba don shi ba da wani ne ke ba ka labarin nan.

A zauren mai gari aka zaunar da ni a ƙasa. Ga mai gari, ga liman, ga uban amarya, ga shugaban makaranta yana gyara wuyan riga. Aka kunna saƙon. Ban taɓa sanin muryata na da muni haka ba. Da aka zo wurin "ba wanda zai tsira" uban amarya ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wasa ne."

Mai gari ya ce ya ji, amma da wa nake irin wannan wasan. Na shiga bayani. Na ce Runkar da nake nufi ba wannan ba ce, wata ce a tsakiyar teku. Na ce baburan jirage ne, shanun ma jirage ne. Ina faɗa ina jin yadda maganar ke fita, ni kaina da wani ne ya faɗa mani da ban yarda ba. Na roƙi a bar ni in buɗe wasan su gani da idonsu. Aka miƙo wayar, ta ƙi buɗewa, babu sabis a zauren.

Haka muka ɗunguma, mai gari da sandarsa, liman, ’yan sa-kai, ni a tsakiya ba hula, muka koma gindin bedin nan. Sabis na shigowa, kafin in taɓa komai, amsar Kabiru ta faɗo. Babban ’yan sa-kan ya danna da kansa. Sai ga muryar Kabiru cike da nishaɗi: "An gama, kwamanda. Yarana sun shirya, ko akuya ba za ta wuce ta hanyar nan ba." Na ji an gyara riƙon bindiga a bayana.

Allah ya taimake ni wasan ya buɗe, da kiɗan badujalarsa da komai. Shuɗin ruwa ya cika fuskar wayar. Babban ’yan sa-kan ya ƙura ido ya ce ina Runkar. Na nuna mashi wani ɗigo da bai kai ƙwayar gero ba. Shugaban makaranta ya karɓi wayar ya bi tsofaffin saƙonninmu yana karantawa a fili, da muryar da yake karanta sunayen masu laifi a taron safe. A ciki akwai inda na ce Safana ta nutse da duk mutanen cikinta, akwai inda Kabiru ya ce mai ya ƙare mana a tsakiyar Ruma sai dai a jawo mu da igiya. Wani daga baya ya yi dariya, ya haɗiye ta da sauri.

Mai gari ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya kalle ni.

"Malam, su waɗannan da kake yi wa yaƙin, su wane ne?"

"Japan, ranka ya daɗe."

"Su suka yi nasara?"

"A'a, an ci su."

"Yaushe?"

"Tun ba a haifi babana ba."

Ya gyaɗa kai a hankali ya ce, "To, Allah ya ba da lada." Ya juya ya ce a tura babura su bi mutane su ce masu su dawo, ba komai.

Kaɗan ne suka dawo. Wanda ya riga ya kai iyalinsa gida ba zai sake fito da su don an ce mashi wasa ne ba. Mutanen Babban Duhu ba a ma cim masu ba, har da kawun amarya da ya rufe shagonsa ya zo don ya shaida. Aka ɗaura auren da mutanen da ba su cika tabarma uku ba. Shinkafa ta ƙone a tukwane, tuwon da aka bari a kan wuta ya kama. Da aka zo shafa fatiha na rasa inda zan sa idona, ga ni a gefe, an miƙo mani hulata duk ƙasa.

Sai kuma aka lura ba a ga gwaggon amarya ba, Gwaggo Hajo, wadda ta ji maganata tare da waccan matar. Ta fita da wata jikarta ƙarama, ba wanda ya san inda ta nufa. A nan ne wani ya faɗa mani, ba da faɗa ba, cewa mijinta da asuba aka kashe shi a bara, kuma ta yamma masu baburan suka shigo.

Muka bazu cikin gonakin dawa ana kiran sunanta. Ni ban kira ba, don an ce in yi shiru, muryata ce ta gudu daga gare ta. Ashe tana jin kiran, ta ƙi amsawa, tana zaton dabara ce. Rana ta karkata sosai kafin ƙanenta, uban amarya, ya same ta kwance a tsakanin kunyoyin dawa, ta rufe bakin yarinyar da gefen zane, ƙaya ta yayyage mata ƙafafu.

Da aka kawo ta gida aka ba ta ruwa, Sani ya ce in je in ba ta haƙuri. Na durƙusa a gabanta na ce, "Inna, ki yafe mani. Ni ne kika ji. Wallahi wasa ne na waya, ba wanda na kira."

Ta dube ni, ba fushi a fuskarta, da ma fushin ta yi da ya fi mani sauƙi. Ta ce, "Ɗana, an yi mani bayani, na yafe maka. Abu ɗaya nake so ka faɗa mani, tunda kai malami ne. Goben ba za su zo ba?"

Na buɗe baki in ce ba za su zo ba, sai na ga ba ni da wannan maganar. Ni abin da na sani kawai nawa jiragen ba za su zo ba. Na ce mata Allah ya tsare. Ta ce amin, ta jawo jikarta ta ɗora a cinya.

Ba su zo ba washegari, alhamdu lillahi. Ni ma ban aika motsin ba. Lokaci ya ƙare, Nura ya dawo da manyan jiragensa ya nutsar da duk abin da na tara, ya kira yana tsokana, sai da ya ji muryata ya daina. Shugaban makaranta bai rubuta mani takardar tuhuma ba, bai kuma sake tada maganar ba, illa dai duk ranar da ya kama ɗalibi da waya sai ya ce a kai wa malamin tarihi, shi ya san illarta. Ni da Sani muna nan a teburi ɗaya, muna gaisawa, muna cin ƙosai tare. Amma ban taɓa shiga gidansa ba, shi ma bai taɓa cewa in zo ba. An ce amaryar ta ce ba ta riƙe ni ba, sai dai duk lokacin da ta ji wata mace tana labarin bikinta sai ta tashi daga wurin.

Na goge wasan a ranar. (Bayan wani lokaci na sake saukar da shi, tunda na ce ba zan yi maka ƙarya ba. Har yanzu Japan nake ɗauka, har yanzu ana cin mu, sai dai kowane tsibiri da sunansa na yanka nake kiran shi, ko harshe zai karye.) Abin da na koya bai da yawa, kuma da tsada na saye shi, da bikin wani ma ba nawa ba: mai son wasan yaƙi ya fara leƙa bayan danga, ya ga ko maƙwabtansa sun gama da nasu na gaske.